Mai Rabon Ƙarfin Na'ura

A ofishin jarrabawa na wata jami'a da nake koyarwa a Nairobi, ina kallon wani siririn mutum mai rigar sanyi, katin wuyansa na cewa Wekesa. Shi ke raba ƙarfin na'urar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai: aikin da ya ɗaga ya yi gudu, wanda ya sauke ya yi rarrafe. Yau ake rufe shigar da maki.

Wata sakatariya ta leƙo. "Kai Wekesa, namu ya tsaya cik! Ko sai na kira shugaba?"

"Kira shi mana, Anti. Na'ura ba ta san shugaba ba."

Wata kuma ta shigo, ta tambayi jikin mahaifiyarsa, ta ajiye masa mandazi biyu, wato irin fanken ƙasar nan. Bai ɗago ba. Yatsa ɗaya ya motsa, aikinta ya wuce gaba.

Na auna al'amarin da kyau. Cin hanci ne, ƙanƙantarsa ba ta wanke shi ba. Ina zaton ba a tuna Wekesa sai abu ya lalace, amma wannan ba hujja ba ce. Sai dai makin ɗalibaina na can ƙarshen layi, mai suyar mandazi kuwa ba ta tashi daga bakin ƙofa ba tukuna.