Baba Mai Goge da 'Ya'yan Sauti

Baba, Allah da Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, tara ga wata, ina tsakar shanya aka ce ka rasu a shagonka na gyaran kayan kiɗa, nan jikin bangonmu. Zanin da ke hannuna ban san sadda ya faɗi ba.

Na sha faɗa maka a gaban idonka, gogen nan naka kamar ana yanka akuya da wuƙar da ba ta ci. Kai kuma sai ka ce akuyar tana gaishe ni.

Ranar da na faɗo shagon ina kuka, da 'yata a goye, na ce na kira ta har muryata ta dushe ba ta waiwayo ba, ba ka kore ni ba. Ka ture fasassun ganguna daga kan benci ka zaunar da mu. Ka busa sarewa ta bayan kunnenta, tana ta tsotsar yatsanta. Ka ɗauki goge ka ja murya daidai da ta sarewar, sai yarinya ta tsandara ihu. Ban taɓa murnar kukan yaro ba sai ranar.

Na ce ai muryar ɗaya ce, me ya raba su? Ka ce kowane sauti uwa ce da 'ya'ya a bayanta. 'Ya'yan sarewa kaɗan ne, ga kunya. Goge kuwa ya tara su rututu, kowa na tsiwa da siririyar murya. Na tambaye ka wa ke ciyar da su, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Ka ce, "'Yata, uwar sautin ce yarinyar ba ta ji sosai, 'ya'yan take ji. Ni goge nake gyarawa, ba kunne ba. Sai asibiti."

Ka san ko warin asibiti na ji gwiwoyina saki suke. Ka ce za ka raka ni ranar Alhamis, in likita ya yi maganar da ba mu gane ba ka rama mana da goge. Gobe ce Alhamis ɗin, Baba, ka tafi ka bar ni da likita.

Ɗazu a wurin gaisuwa, Inna matarka ta riƙe hannuna ta ce babbar 'yarku za ta raka ni, alkawarin gidan bai mutu ba. Zan je, ko da rarrafe ne.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna da yara, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma in kun ɗaga hannu ku sa da kunnen 'yata, ku sa da gwiwoyina.