Jan Layin Gwaggo Kar-Ka-Taɓa

Shekara goma sha tara Gwaggo Kar-Ka-Taɓa ta yi tana wanke kayan tiyatar yara, kuma ba a banza ta samu sunan ba. Almakashin da bai kai ɗan yatsa ba, ita ke goge shi da burushi, ta dafa a tukunyar tururi, ta naɗe. Likita ma sai ya kalli fuskarta kafin ya kai hannu. A bakin ɗakin tiyata akwai jan layi, ita da kanta ke sabunta fentinsa. Takalmin waje ba ya tsallake shi.

Kuɗin aikin kuwa wata ƙungiyar agaji ke bayarwa, don iyayen yaran ko na mota da ƙyar suke haɗawa. Sai aka ji ƙungiyar za ta rage asibitocin da take ɗauka. In aka cire nasu, ɗakin ya rufu ke nan, yara arba'in da ke jira sai a koma da su gida.

Ranar da wakilin ƙungiyar zai zo dubawa, babban likita ya ja ta gefe. "Gwaggo, don Allah yau a sassauta baki."

Ina! Baƙo na isowa ya ɗaga ƙafa, takalmi sai sheƙi, zai tsallake layi.

"Kai ɗan nan, dakata! Kasuwa ka ɗauki nan? Cire, ka wanke hannu, ka sa hula."

"Gwaggo, shi ne fa mai..." in ji likita.

"Ko shi ke buga kuɗin! Anjima jaririya 'yar wata biyu za a kwantar a nan."

Mutumin ya cire, ya duba ya tafi. Likita ya dafe kai. Sati uku Gwaggo ba ta da sukuni. Duk uwar da ta gani a benci da goyo sai ta ga kamar bakinta ne ya ja musu. Amma ko sau ɗaya ba ta ce da ma ta ƙyale shi ba.

Sai ga wasiƙa. Likita ya tara ma'aikata ya karanta: an ƙara musu shekara biyar. A ƙasa wakilin ya rubuta cewa da gangan yake shiga da takalmi duk inda ya je, kuma cikin asibiti tara, nan kaɗai aka tare shi.

Wuri ya kaure da shewa. Gwaggo ta juya baya kar a ga hawayenta, alfahari ya cika mata ƙirji.

"To tsayuwar me ake yi?" ta ce wa likita. "A kira uwar yaron nan mai tsagaggen leɓe. Wata huɗu baiwar Allah tana zarya."