Rayuwar Mai Fulas, Zabiyar da Ta Koma Ciyar da Mawaƙa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda mawaƙa suka fi sani da Mai Fulas, a shekarar 1951, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa mai sayar da kayan miya ce a bakin kasuwa. An ce tun tana ƙarama, idan mahaifin ya taka keken ɗinki sai ta ɗora waƙa a kan ƙararsa, har masu kawo ɗinki su manta da abin da ya kawo su. Ta shiga firamare a 1958, inda ita da lissafi ba sa ga-maciji, amma ita ke jan waƙar safe, kuma a nan malamarta ta laƙaba mata suna Sarewa saboda zaƙin muryarta.

Waƙa da Aure

A 1968 ta shiga wata ƙungiyar mawaƙa a matsayin 'yar amshi, ba a jima ba ta zama ita ce a gaba. A 1972 ta auri wani mai gyaran rediyo, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda yakan ce ya gaji da jin ta a rediyon mutane ne ya sa ya kawo ta gida. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku, ta ƙarshen, wato Auta, an haife ta a 1980.

Mawaƙan ƙungiyar suna da wata ɗabi'a da suka gada daga magabatansu, suka kuma riƙe ta tamkar farilla. A ganinsu ba a waƙa da abinci a ciki, don wai ƙoshi na danne murya. Sukan wuni da yunwa ranar wasa, su tauna barkono wai ya buɗe maƙogwaro, su kora da ruwan ƙanƙara. Da an tashi kuma sai su afka wa soyayyen nama mai maiƙo, su ci har su kasa numfashi, su kwanta nan take. Sarewa ta fi kowa kiyaye wannan ƙa'ida, kuma ta kwashe shekaru tana fama da ƙwannafi tana ɗaukarsa ba a bakin komai ba.

Dishewar Murya

A 1983, tana tsakiyar ɗaukar waƙar da ta tsara wa mahaifiyarta, muryarta ta tsinke a baiti na biyu. Ta sha zuma, ta huta, ta yi addu'a, murya ba ta dawo ba. Likitan maƙogwaro da ya duba ta ya bayyana mata cewa abin da ke tasowa daga cikinta ne ya daɗe yana ƙona mata maƙogwaro, ga kuma yawan tilasta wa busasshiyar murya, har ɓarnar ta wuce gyara. Tana da shekara talatin da biyu. Ta yi baƙin ciki matuƙa, ta kuma yi wa kanta alkawari ba wanda zai sake jin ta tana waƙa, don ta fi so a tuna da Sarewa yadda take a kaset.

Kicin Ɗin Mawaƙa

Ba ta bar harkar ba, ta dai koma ta ƙofar baya. Ta riƙa komawa wurin likitan tana tambaya, yana yi mata bayani, har ta fahimci abin da murya ke so da wanda ba ta so. A 1985 ta karɓi wani ɗan ɗaki kusa da situdiyon da ake ɗaukar waƙa, ta sa teburi da benci biyu, ta fara dafa wa mawaƙa. Abincinta ba mai nauyi ba ne: shinkafa, kifi ko ƙwai, ganye, ayaba, mai kaɗan, barkono kuwa sai dai a ji labarinsa. Sharaɗinta shi ne a ci da sauran lokaci kafin waƙa, a yi ta kurɓar ruwa wuni guda, kuma kada a kwanta da cikakken ciki. Kullum tana rataye da wani jan fulas na ruwan ɗumi, daga nan sunan Sarewa ya ɓace, Mai Fulas ya maye gurbinsa.

Da yake ba ta iya ɗaga murya, da ludayi take tsawa. Idan ta ga mawaƙi da kwalbar lemo mai sanyi, sai ta ƙwanƙwasa murfin tukunya, ya ɓoye kwalbar a bayansa kamar ɗan firamare. Sun sha yi mata tsiya cewa abincinta na asibiti ne, amma kwanon kowa a suɗe yake komawa.

Ita da Auta

Wadda ta fi ba ta wahala 'yar cikinta ce. Auta ta gaji muryar, ta gaji taurin kan, ta kuma faɗa hannun tsofaffin ƙungiyar da ba su saki tsohuwar ɗabi'a ba. A 2003, ranar da za ta ɗauki waƙarta ta farko, ta fita da safe ba ta karya ba. Uwar ta bi ta situdiyo da kular abinci da fulas, ta same ta gaban abin magana da ƙullin barkono a hannu.

Auta ta ce, "Haba Inna, don Allah kar ki ba ni kunya a gaban mutane. Kowa haka yake yi. Ke ma ai da haka kika yi suna."

Mai Fulas ta ajiye kular a ƙasa, ta ce cikin disasshiyar muryarta, "Gaskiyarki. Matsa ki ji sunan da na yi."

Ta tsaya gaban abin maganar, ta karya alkawarin shekara ashirin, ta ɗauko waƙar mahaifiyarta daga farko. Abin da ya fito ba waƙa ba ce, huci ne da kakari, kamar ana jan benci a kan siminti. Ba ta tsaya ba sai da ta kai baiti na biyu, makaɗan da suka san ta tana Sarewa duk suka sunkuyar da kai. Auta, wadda ba ta taɓa jin waƙar uwarta ba sai a kaset, ta fashe da kuka. Ta zubar da barkonon, ta zauna a ƙasa ta buɗe kular, aka ɗage aikin zuwa la'asar.

Ƙarshen Rayuwa

Mijinta ya rasu a 2012, ita kuma ta ci gaba da girki har ƙafa ta gagara. A 2015 Auta ta ƙarasa waccan waƙar da ta tsinke, ta kawo wa uwar ta saurara. Mai Fulas ta ji har ƙarshe, ta share hawaye, sannan ta ce numfashin baiti na uku bai cika ba.

Allah ya yi mata rasuwa a 2021, tana da shekara saba'in, bayan gajeruwar jinya. Auta, wadda ta baro wurin wasa ta iso kanta, ta ce maganar da uwar ta yi mata ta ƙarshe ita ce, "Kin ci abinci?" An yi mata sutura a ranar, aka kai ta makwancinta kusa da mijinta, mawaƙa manya da ƙanana na cikin masu rakiya.

Ta bar 'ya'ya uku da jikoki da dama: babban ɗanta, malamin makaranta, ta biyun, ma'aikaciyar jinya, sai Auta, zabiya, wadda ta gaji jan fulas ɗin, ta kuma daɗe da wuce shekarun da muryar uwarta ta mutu, tata tana nan garau. Allah ya jiƙanta da rahama.