Tanti Luba Mai Ɗauke Wuta

Tanti Luba ƴar Maraɗi ce. Girki take yi a ɗakin cin abincin ɗalibai a Bron, gidanta kuma yana La Guillotière, cikin Lyon.

Ta zo Faransa a 2003, ana tsakar sanyi. Tun ƙarfe biyar gari ya yi duhu, kowa ya ja ƙofarsa. Ita sai kwanciya da kuka, ko fitila ba ta kunnawa. Ran takwas ga Disamba ta leƙa waje, ta ga kyandirori jere a tagogin mutane. Sai ta rangaɗa guɗa: "Ashe su ma ana ɗauke musu wuta!" Ta kwashi tabarma da kayan shayi ta shimfiɗa a bakin bene, don a Maraɗi in wuta ta tafi maƙwabta fitowa hira suke yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarta, Odile, ta gaya mata bikin garin ne. Dariya ta zaunar da Odile kan tabarmar, ba ta tashi ba sai da ta sha kofi uku.

Tun daga nan, duk hutun Nowel, wato Kirsimeti, Tanti Luba da kanta take kashe wutar gidanta bayan magariba, ta tara waɗanda ba su da wurin zuwa.

Ni a 2015 na san ta. Na gama karatu a Paris ke nan aka kai wa birnin hare-haren ta'addanci na Nuwamba. Ko ƙofa aka buga sai na zabura. Innata ta roƙi Tanti Luba ta waya, ta karɓe ni. Na shige ɗaki, fitila kunne dare da rana, na ƙi fitowa.

Jajibirin Nowel ta ƙwanƙwasa.

"Afnan, ɗiyata, kamfanin wuta na gaishe ki. Yanzu za a ɗauke."

"Tanti, don Allah! Tsoron duhu nake."

"To ki cinye shi ke kaɗai, ko ki fito mu raba."

Ɗif! Ɗanta Habibou ya kurma ihu daga falo: "Maman, ƙwallo fa nake kallo!"

"Je ka kai ƙara ofishinsu, ɗan nema!"

Dokar zaman ita ce kowa sai ya tsine wa kamfanin. Ina maƙure a gado na ji muryar Odile, da Hausarta ta koyo: "Wallahi an cuce mu! Nama zai ruɓe a firigo!"

Dariya ta kufce mini. Na lalubi bango na fito. Kyandir ɗaya, mutum cike da tabarma, wani ɗalibi na yi wa Odile fifita da faifai a cikin wannan sanyi. Da Tanti ta maido wutar, har da ni a ihun "An kawo! An kawo!"

Washegari ta jawo kujera gaban akwatin wutar.

"Hau, ma'aikaciya. Yau ke ce kamfani."

Na hau. Na ɗauke, suka hau tsine mini.