Geron da Gwaggo Kande ta ɗaure, ni na gasa shi

Kakar bana ta cika shekara goma sha tara da rasuwar Gwaggo Kande, yayar mahaifina. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara iyali mu yi mata addu'a, a raba waina ga maƙwabta, shi ke nan. Bana na ga hakan bai isa ba. Akwai abin da na yi mata tana da rai, waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa, kuma ba na so in bi su da shi a ciki.

Ƙauyenmu yana tsakanin Faskari da Daudawa. A da muna da wani gero da ban ga irinsa a ko'ina ba. Gajere ne, bai wuce ƙirjin mutum ba, ƙwayarsa da ɗan ja-ja, kuma yana nuna tun geron kowa bai gama fitar da kai ba. Shi ke fitar da mu daga yunwar tsakiyar damina. Amma akwai doka a kansa. Ko ya nuna, ba mai karya zangarniya ɗaya ya gasa tumu sai Gwaggo ta shiga gonaki da hantsi, da ƙullin kaba a hannu, tana bin kunya kunya. Za ta tsaya gaban kara, ta lanƙwaso zangarniya, ta murza, ta duba, ta saki. Wadda ta yi mata sai ta ɗaure ta da kaba. Wannan ita ce rabon Uwargona. Ba a ci, ba a sayarwa, ba a haɗa ta da sauran dami. Sai ta gama zagayen ta ce an buɗe, sannan hayaƙin tumu ya tashi a kowane gida.

Idan aka tambaye ta dalili, labari take bayarwa. Wai a wata shekarar yunwa, tun ba a san sallah a ƙasar nan ba, wata tsohuwa ta shigo gari tana roƙon abin da za ta sha. Kowane gida aka kore ta, sai wata mata da ta ba ta ragowar kunun dusa. Tsohuwar ta sha, ta kwance ɗankwalinta ta kaɗe gashinta, gero ya zubo. Ashe ita ce Uwargona. Ta ce a shuka, amma duk shekara a fitar mata da nata tun ba a kai ko ƙwaya ɗaya baki ba. Ranar da aka ci rabonta, za ta ɗaure kanta ta tafi. Gwaggo ta gaji labarin da aikin daga kakarta. Ba ta yanka komai, ba ta zuba jini, da bisimilla take shiga gona. Ban taɓa ganin sallah ta wuce ta ba.

Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai. Na gama firamare, na zauna gaban wani malami a Ƙanƙara shekara biyu, na dawo gida ina jin duk garin ba wanda ya san Allah sai ni. Malamin nan bai aiko ni ba, kada in ɗora masa. Ni na tara samari na ce wannan maguzanci ne, ana ba aljana zakka. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka shiga gonar mahaifina, na bi duk zangarniyar da ke da kaba na kakkarye, muka hura wuta a bakin hanya inda kowa zai gani. Na gasa, na murje, na watsa a baki ina cewa ga ni nan, in Uwargona ta isa ta shaƙe ni. Samari suna ta dariya.

Gwaggo ta zo ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi kabar da ke zube a ƙasa, ta dube ni.

"Haruna, ka ƙoshi?"

Na ce na ƙoshi, kuma ga shi ban mutu ba.

Ta ce, "Wa ya ce maka mutuwa za ka yi? Allah shi sa ka ci lafiya. Amma ba na Uwargona ka ci ba, ɗana. Na baɗi ka ci."

Ban gane ba, ko in ce ban so in gane ba. Sai bayan shekaru na fahimci abin da kowace tsohuwa a garin ta sani. Gero yana ɗaukar halin maƙwabcinsa ta iska. In ba a zaɓi iri tun yana tsaye ba, a ware wanda ya fi saurin nuna da cika, a hankali sai ya rikiɗe ya koma kamar na kowa. Kuma wanda ya fi saurin nuna shi ne wanda mai jin yunwa zai fara kai wa hannu. Tsoron Uwargona ne kaɗai katangar da ke tsakanin irin baɗi da cikin mutane. Na rushe katangar, ban kuma gina wata ba. Da ina da hankali, da na ce a bar sunan aljana, a ci gaba da ɗaurin. Abin da ya kamata mai ilimi ya yi ke nan. Ni ba gyara nake nema ba, so nake a gan ni.

Daga shekarar, kaba ta daina hana kowa. Gwaggo ta sake fita sau biyu, ana bin bayanta ana karyewa, sai ta daina. Ta koma ɗan fegin bayan ɗakinta tana rainon irin ita kaɗai. Kafin a shekara goma, geron garinmu ya yi tsawo kamar na kowa, yana nuna tare da na kowa. Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, ina gaishe ta safe da yamma, tana ba ni fura, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba. Na ɗauka shirunta yafiya ce, domin hakan ya fi mini sauƙi.

Yau kowa ya san halin da gonakinmu suke ciki. Manomi na shiga gona yana waiwaye saboda 'yan bindiga. Abin da ya yi tsawo ana tsoronsa, domin ba ka ganin mai tahowa. Abin da ya daɗe bai nuna ba, ba ka da tabbas kai za ka girbe shi. Duk wanda na zauna da shi, daga Ƙanƙara har Sabuwa, addu'arsa ɗaya ce: a sami gajeren abu mai saurin nuna, a kwashe a gudu. Wato abin da muke da shi a hannu, na gasa a bakin hanya.

Abin da ya tayar mini da wannan ciwo, wani taron ranar al'adu ne da aka yi kwanan baya. Alhaji Bala ya ja ni, shi ne wanda ya riƙe mini ashana a waccan Juma'ar. Wani malamin makaranta ya yi bayani mai kyau, ban raina shi ba. Ya ce ba mu kaɗai ba ne. Mutanen kudu ba sa cin sabuwar doya sai an yi mata biki. A ƙasashen Turawa ma, manoman da can sukan ware dami guda su kira shi uwar hatsi, su ajiye har wata shuka. Ya ce kusan duk inda ɗan Adam ya yi noma, ya ƙirƙiro labarin da zai hana shi cinye irinsa. Daga nan aka fito da wata budurwa an shafa mata toka a kai wai tsohuwa ce, aka kafa geron kasuwa a cikin bokitin yashi, tana ɗaura masa zaren leda tana rangwaɗa. Manya suna kan kujeru suna ɗauka da waya. Alhaji Bala ya taɓo ni ya ce, "Malam, ashe mutanen da akwai hikima." Mun kashe abu, mun dawo muna tafa wa fatarsa, kuma ba wanda ya tambayi inda irin yake. Sai da wani ya ce Turawa ma suna yi sannan abin ya zama hikima. Ina tunanin da Gwaggo tana wurin, bokitin za ta leƙa ta ce wannan geron ko kaji ba za ta bai wa ba.

Washegari na hau mota zuwa Sabuwa, hanyar da ta kusa raba ni da ƙugu. Na san Gwaggo ta bar irin a hannun 'yarta Asabe, wadda ta yi aure a wani ƙauye can. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe su, suna zaune cikin gari a ɗaki guda na aro. Asabe taubashiyata ce, tun muna yara ba ta raga mini. Tana ganina ta ce yau ga babban malami a gidan Maguzawa, a kawo masa buzu. Muka gaisa, muka yi jajen waɗanda aka rasa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ko cikin tafin hannu ne ta taimake ni, in shuka in raba wa mutane, in rage nauyin da ke wuyana.

Ta ce ranar da suka gudo, ta bar tukwane da shimfiɗa, amma ta ɗauko zangarniya goma sha biyu a ƙulle cikin zane. Ta rataye su a ɗakin nan tana jiran a koma. A damina ta biyu abinci ya yanke musu kwana biyu, ta fita neman aikin surfe, ta dawo ta tarar surukarta, matar ɗanta, ta sauke su ta daka ta yi wa yara kunu.

Na ce, ba ta san ko mene ne ba?

"Ta sani. Na yi faɗa, sai ta ce mini, Inna, gero ne fa kawai, mi zai faru? To mi zan ce mata, Haruna? Karatunka ne ta biya mini. Kuma yaran sun sha sun yi barci."

Ba ta faɗa da fushi ba, shi ya fi ƙona ni. Ban ga laifin yarinyar ba. Ita yunwar 'ya'yanta ta sa ta. Ni ranar da na ci, a ƙoshe nake da tuwon rana.

To me ya rage na Gwaggo Kande? Fegin bayan ɗakinta ya zama ciyawa. Labarinta ya koma wasan dandali. Ban roƙi gafararta ba tana da rai, yanzu kuwa sai dai in roƙi Allah. Abin da ya rage mini shi ne zato. Ta kasance mai kyauta, duk 'yar da aka kai aure daga garinmu takan ƙulla mata ɗan iri a bakin zane, kuma an kai wasu ƙasar Ƙanƙara, wasu Sabuwa. Wataƙila akwai wata tsohuwa a wani lungu da har yanzu take shuka gajeren gero mai ja-ja a bayan ɗaki, ba ta ma san daga ina ya fito ba. Idan wanda ke karanta wannan ya san ta, don Allah ya roƙo mana ko zangarniya ɗaya. Amma kada ya kawo mini. Ya kai wa Asabe.