Supacaja a Motar Baba

Ina jingine da motar marigayi Baba a wani gareji a Bagwai, hankalina ya yi nisa. Ina ganin kaina ina keta gonakin gero kamar zan tashi sama.

Na nuna wa Malam Habu bakanike hoton supacaja a waya, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska.

"Malam, matsi nawa injin nan zai ɗauka?"

Ya dafa motar. "Yadda kamfani ya ƙera shi? A ma'aunin matsi na PSI, biyar, da ƙyar shida. In ka wuce nan, fistin da ke cikin injin zai narke. To wa zai riƙa kai Inna asibiti?"

Na mayar da wayar aljihu, na ce ya canza man inji kawai.

Ku fa, wane buri kuka taɓa ajiyewa saboda wani naku?