Ja Farkon Zafi Ne

Jiya na ji warin jiƙaƙƙiyar igiyar guga, sai ga ni a ƙauyenmu na kwarin Tarka, ina ɗan shekara goma sha uku.

Ka san bakina bai taɓa riƙe magana ba. Da damina ce, ruwa ya ɗauke, bakan gizo ya fito, na shiga maƙerar kakana ina rawar kai. Na ce masa mushe, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya ce shuɗin haske ya fi ja ƙarfi. Tsohon ya ajiye masaba. Wuta ja, barkono ja, a ce shuɗi? Ya ce in ƙarya ake koya mini, daga gobe na bar lakwal, in zauna kan zuga-zugi. Shi kuwa ba ya magana biyu.

Na ruga bakin rijiya na jawo igiya, na ɗaura bakinta a turke kamar yadda mushe ya nuna mana, na miƙa masa ɗayan.

"Kaka, kaɗa a hankali."

Igiya ta yi lanƙwasa dogo-dogo, tana tafiya kamar raƙumi ya ƙoshi. Na ce haske ma haka yake tafiya, wannan shi ne ja. Na ce ya ƙara sauri. Lanƙwasar ta gajarce, ta yi yawa, tana bin juna kusa-kusa. Kafin ka ce me, mutumin da ke wuni dukan ƙarfe yana haki, rawani ya karkace.

"Wannan shuɗi ne. Wanne ya fi cin ƙarfinka?"

Ya ja ni maƙera, ya tura bakin fartanya cikin gawayi, ya ce in zuga. Ƙarfe ya yi ja, ya koma ɗorawa, ya doshi fari har ido ba ya iya kallo.

"Ja farkon zafi ne," in ji shi. "Na san wannan tun ba a haifi mushenka ba. Dalilin ne ban sani ba. Koma lakwal, ɗan nema, ka riƙa kawo mini sauran."

Daɗi ya kashe ni, na yi ta tsalle har na taka garwashi.

Yau ni ne mushe a Tanout. Ɗalibaina suna ganin launuka a waya, amma duk shekara sai na shiga aji da igiyar nan. Sauran da kaka ya ce in kawo, na tara da yawa. Maƙerar ce babu kowa tun da tsohon ya rasu.